Yadda Na Kai Mariyama Warsha a Gadarif

Daga gida zuwa Mafaza

Da assalatun fari muka fito, ni a ƙasa, Mariyama 'yar ƙanwata a kan jaki, mijinta Idirisa yana ja. Ni ce ungozomar ƙauyenmu, kuma hannuna ya riga ya gaya mini gaskiya: ɗan da ke cikinta a gicciye yake kwance, in ba asibiti ba babu mai fito da shi. Damina kuwa ta kama. Da zarar kwarin da ke tsakaninmu da Mafaza ya cika, ko tarakta ba ta ƙetarewa sai kaka. Barci ma na daina samu don tsoro.

Ana cikin haka aka aiko wai gwamnati za ta yi warsha, wato taron bita, a Gadarif, a koya mana yadda hanya ke shafar lafiya. Mu da muka sha binne mata a bakin kwari za a koya wa! Amma an ce za a turo mota har Mafaza, kuma kowa ya zo da hujja daga yankinsa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Hantsi ya ɗaga muka iske bokis ɗin gwamnati, wato a-kori-kura, a bakin kasuwar Mafaza. Direban ya tare ƙofa.

"Ya Hajja, motar 'yan warsha ce. Marasa lafiya mamnu'u, an hana ɗauka."

"Wa ya ce maka ba ta da lafiya? An ce kowa ya zo da hujja. Ga tawa."

Ya dubi cikin, ya dubi sama, ya ce, "Tamam. Amma kar hujjar ta haihu mini a mota." Idirisa dai ya ce babu wurinsa. Ya koma da jakinsa yana waiwaye.

Fau

Saboda laka sai da muka zagaya ta Fau don mu hau kwalta. Sau biyu muka kafe, maza suka sauka suka tura, Mariyama tana cije bakin mayafinta. A shingen Fau wani soja mai ɗan gemu ya leƙo ya ce, "Matan nan ina muharraminsu?" Na ce, "Ɗana, duba lambar motar. Yau gwamnati ce muharraminmu." Ya duba, ya yi kabbara, ya ɗaga sanda. Zamanin nan ne da ko famfo za a buɗe sai an yi kabbara.

A nan muka kwana a gidan wata Bahaushiya mai sayar da shayi. Ta dama mana kunu, ta ƙi karɓar komai.

Gadarif

Da safe muka shiga gari. Na roƙi direba ya fara biyawa asibiti. Ya ce, "Ma'alesh, Hajja, ni zaure aka ce in kai ku. A buɗe taro tukuna."

Zauren ya sha fanka da darduma. Injiniyoyi a dama, likitoci a hagu, suna kallon juna kamar dangin ango da na amarya. Babban baƙo ya zo yana kaɗa sanda, aka yi ta kabbara har muryoyi suka dushe. Sannan wani injiniya ya nuna mana hotunan titunan wata ƙasa da ban ji sunanta ba, masu kyau ƙwarai. Wani likita ya tashi ya ce abin da ke hana aiki shi ne rashin hujja daga karkara.

Bai rufe baki ba Mariyama ta damƙe hannuna. "Inna, faya ta fashe."

Na miƙe na ɗaga murya a kawo motar asibiti da na gani a ƙofa. Aka ce an aike ta ɗauko fatur, wato abincin karin kumallon mahalarta. Direbanmu kuma ya tafi neman mai. Wata likita mace ta cire takalminta ta fito da gudu, ta tsayar da mai karo, wato keken jaki, da ke wucewa da buhunan dawa. A kan buhunan muka kwantar da Mariyama, jaki ya ja mu har asibiti. Aka yi mata aiki, aka fito da yarinya da ranta. Na zauna a baranda na yi kuka har na gode Allah.

Da la'asar na koma zaure. Na tarar an gama, an yanke shawarar a sake wata warshar baɗi domin a zurfafa bincike. An ba ni takardar shahada mai zanen zinariya, an kuma roƙe ni nan gaba in riƙa kawo hujja a rubuce.

Komawa

Motar gwamnati ta kawowa ce, ba ta mayarwa. Na bar Mariyama wurin dangi a unguwar Hausawa, na bi lori zuwa Fau, na bi tarakta zuwa Mafaza. Kwari ya kawo ruwa har ƙirji, na ƙetare da kaya a ka.

A ɗaya gaɓar Idirisa na tsaye. Na yi masa albishir, ya durƙusa a laka ya yi sujada. Godiya ta tabbata ga Allah, sai ga likitar nan da mai karo. A bayan Idirisa kuwa mata uku na zaune, kowacce cikinta ya tsufa. Babbarsu ta gaishe ni da hanya, sannan ta ce, "Inna, yaushe ne warsha ta gaba?"