Kawu Mati da Bangon Gabas na Rijiyarmu

Ku da kuka san Kawu Mati, yayan mahaifiyata, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da ƙasa. In ya shigo gida, suna ake ko biki, zai tsuguna ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu, ya sa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Sai ya tofar, sannan ya yi sallama. Haƙar rijiya ce sana'arsa tun zamanin Faransa, daga nan Madarunfa har Safo da Gabi. Cewa yake dagi haƙa kawai ya iya, harshe ne ya san inda za a haƙa.

Kwana bakwai da kai ni ɗakin miji ya zo ganin ɗaki. A gaban surukata ya tsuguna ya lashi tsakar gida. Baiwar Allah ta zaci yunwa ce, ta ruga ta damo fura. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mijin naki ban san halinsa ba tukuna, amma ƙasar gidan mai kirki ce. Ki zauna."

Na zauna kuwa, ga ni har yau.

Ba ya yarda a yar da abin da ya tsage. Wata rana randar Innarmu ta fara yoyo, ta jingine ta bayan ɗaki. Da ya gani sai ka ce an yar da ɗansa. Ya kwaɓa yumɓu, ya bi tsagar ya liƙe, yana yi yana mana karatu. Wai ƙasa hawa-hawa take kamar tabarmi da aka jibga, yashi, yumɓu, yashi kuma. Wani wuri sai ta tsage, gefe ɗaya ya zame ƙasa. In garin zamewa yumɓu ya shafu cikin tsagar, to ta liƙe, ruwa ya taru a bayanta ba ya wucewa. In kuwa yashi ne ya haɗu da yashi, ruwa ya bi ta nan ya yi tafiyarsa.

Innarmu ta ce, "Yaya, ni dai randa nake so."

Ya ce, "Ga ta. Ta fi sabuwa, wannan an san inda ciwonta yake."

Matarsa Inna Hajo ta ce, "Ku barshi. Mu a gidanmu babu tukunya mai lafiya ko ɗaya, duk masu jinya ne."

Rijiyar unguwarmu shi ya haƙa ta, kuma yana ji da ita fiye da gonarsa. Ya ce yana kai gaba tara sai ya ga irin tsagar nan a bangon gabas, ta sauko a karkace, cike da yumɓu mai santsi. Duk ruwan da muke sha ita ke tare mana shi. Tun daga ranar ya kafa doka, kowa ya shiga yasa ya yashe duk inda ya ga dama, amma kada dagi ya taɓa gabas. Taubashinsa Labo, wanda ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya kan ce, "Mati ya ɓoye tukunyar azurfa a bangon nan, shi ya sa."

Wata shekara wani Bature ya zo da kamyo, babbar motar nan ta kaya, yana zagaya rijiyoyi yana leƙawa, da tafintansa. Mu mata muna bayan danga muna kallo. Aka kira Kawu ya faɗi yadda ƙasar wurin take. Ya zana da kara, ga yashi, ga yumɓu, ga tsaga. Bature ya buɗe takardarsa, sai ga zane irin na Kawu sak. Tafinta ya ce wai Mushe, haka yake kiran Baturen, ya ce a wasu ƙasashe man da ake zuba wa mota a ƙarƙashin ƙasa yake kwance, kuma irin tsagar nan ce ke tare shi. In ta liƙe a same shi, in tana yoyo a haƙa a tarar ya gudu tun tuni.

Kawu ya ce, "Ka ce masa randar ƙanwata ta riga shi sani."

Ban san ko tafinta ya faɗa ba. Abin da na gani da idona shi ne Baturen nan ya ɗauki ɗan dutse daga bakin rijiya, ya duba, ya lasa. Inna Hajo ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe ciwon har Faransa ya kai."

To, sai ga shekarar da damina ta yi gardama. Ruwan rijiya ya ja baya, guga sai ta daɗe tana lilo kafin ta cika rabi. Maza suka ce a ƙara haƙa. Kawu ya ce a yi haƙuri, ruwa kaɗan ne amma namu ne. Suka bari har ya tafi ta'aziyya Safo, Labo ya ɗaura igiya ya shiga. Ya dubi bangon gabas ya gan shi jiƙe sharkaf yana sheƙi, sauran bango kuwa a bushe. Ya ɗaga murya ya ce, "Ga inda ruwan yake, tsohon nan ya hana mu." Ya sa dagi. Kamu ɗaya ya ci ya faɗa busasshen yashi. Kafin la'asar ɗan ruwan da muke taƙama da shi ya tsiyaye ta ramin, guga ta dawo da laka.

Ina da goyo lokacin. Kwana uku muna zuwa tabki da tulu a ka, mu je mu dawo ƙafa ta kumbura, ruwan ma sai an tace da gyale. Ni da ko kasuwa ba na son zuwa, na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye muku ba.

Da Kawu ya dawo mun zaci zai tada gari. Ya tsaya bakin rijiya, ya lashi abin da Labo ya fitar, ya tofar. Ya ce, "Labo, azurfar fa? A raba da ni."

Labo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mati, wurin ne na gani da danshi."

"Randa ma ta wurin liƙi take danshi. Ka taɓa ganin Hajo ta huda ta nan don ta sha?"

Sai ya juyo wurinmu ya ce kowace mace in ta je tabki gobe ta bar tulu, ta ɗauko yumɓu a ƙwarya. Yana da furfura har gira, amma ya ce shi zai shiga. Aka zura shi. Yini biyu yana cusa yumɓu a ramin yana dannawa da dunduniya, Labo na riƙe da igiya, tafin hannunsa duk ya saɓule. Inna Hajo ta riƙa zura masa fura cikin guga. Ya leƙo daga ƙasa ya ce ta yi ruwa-ruwa. Ta ce, "Ka sha da godiya, kai kaɗai ke da ruwa a unguwar nan."

Kwana shida babu komi. Ran na bakwai Innarmu ta zura guga don ta gwada, muka ji ta faɗa tsulum. Ba mu yi guɗa ba, zama muka yi a ƙasa muna dariya muna share ido. Kawu ya karɓi gugar ya kurɓa, ya miƙa wa Labo, ya ce, "Sha, amma da baki, ba da dagi ba."

Bai ƙara shiga rijiya ba bayan wannan. Ya yi 'yan shekaru yana zama a gindin itacen bedin da ke kusa da ita, duk wanda ya zo yasa sai ya tuna masa gabas.

Ranar da ya rasu, maigidana ya dawo daga maƙabarta ya ce mini ana gama haƙa kabari Labo ya tsuguna, da kyar don tsufa, ya ɗebi ƙasar da yatsu biyu ya sa a harshe. Ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Yumɓu ce. Za ta riƙe shi da kyau."

Rijiyar tana nan, jikokina na sha. Allah Ya jiƙan Kawu Mati, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya mana maƙogwaro, Ya shayar da shi ruwan da ba ya ƙafewa. Ya haɗa da Labo, da shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Ya sa su kusa da juna, don ya sami wanda zai tsokana. Amin.