Wurin da Kawu Yake Yin Shiru

Jiya a tashar Yendi ina jiran motar Salaga, sai mai sayar da kaset ya saki waƙar samarin nan na Bawku masu jita. Nan take na gane ta. Waƙar marigayi kawuna ce suka lafta mata ihu.

Da goge Kawu yake ba da labarin fataken goro da hanya ta cinye. In ya ambaci mamaci sai ya tsayar da gogen, ya yi shiru, har mu ce Allah ya jiƙansa. Babana yana cikinsu, kogi ne ya tafi da shi.

Ina nan ranar da yaran suka zo zaurensa da rikoda, gashi a cukurkuɗe, suna warin taba. Dogon cikinsu ya ce, "Baba, inda kake tsayawan nan mantuwa ce? Mu cike maka da ganga."

Kawu ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Ɗan nan, wurin ba naka ba ne, ba nawa ba. Na masu addu'a ne."

Sai da suka cike shi. Jiya sunan babana ya wuce a guje, wani karen mota yana karkaɗa ƙugu a kai. Tir!

Na ce, "Kai mai kaset, kashe."

"Mma, lafiya?"

"Kashe, na ce."

Ya kashe. Nan na yi wa babana addu'arsa, a tsaye.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shirun kabarinsa hutu ne.