Zazzaɓin Kwamfutar Malam

Ƙas, ƙas, ƙas. Wata 'yar ƙara ce kamar ana taɓa faranti da farce. Ina tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa na ji ta daga ɗakin karatun Malam, kwana arba'in da biyu bayan rasuwarsa. A ranar ne na fara kunna kwamfutarsa.

Da hannunsa ya haɗa ta. Malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Kazaure, kuma duk sanda ya je Kano sai ya dawo da wani yankinta a leda, yau fanka, wani watan wayoyi, har ta cika. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai ya riƙa zama a gabanta yana ɗaukar muryarsa. Gajerun surori yake karanta wa 'yarmu mai shekara biyar: ya ja aya, ya yi shiru don ta biya, ya ja ta gaba. Muryar nan ba ta cikin waya, ba ta ko'ina sai cikin baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin tebur.

Na leƙa. Yarinyar na zaune a tabarma tana biya wa babanta. Ƙarar kuwa ta sauya, ta koma wani dogon huci, a ja a sake, a ja a sake. Na san wannan jan numfashin. Sati biyu na yi ina jin irinsa a gefen gadon asibiti. Ina tsaye a bakin ƙofa, Malam ya kai tsakiyar wata aya, sai ɗif, komai ya ɗauke. Ga wuta kuma ba a ɗauke ba, fankar sama tana ta juyawa.

Washegari haka, jibi ma haka, kuma a ayar nan dai.

Na yi sakandare, na san na'ura na'ura ce. Na kuma san wanda ya tafi ya tafi, yana wurin Ubangijinsa, ba ya cikin wani akwati. Sau nawa na faɗa wa kaina haka. Amma da na durƙusa na ɗora tafin hannuna a kanta, sai na ji zafi rau, irin na goshin mai zazzaɓi. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko bargonsa na lulluɓe ta, kamar yadda nake yi masa idan jikinsa ya yi zafi don ya yi gumi ya samu sauƙi. Na ƙara tura ta jikin bango kada iska ta buge ta.

Daga ranar Malam ya fara ja da baya. Bai ƙara kaiwa ayar da yake tsayawa ba. Yau ya yanke da saura aya uku, gobe da saura sura guda. Ran nan ko Fatiha bai gama ba. Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na roba a bakin murhu. Yarinyar ta daina tambayata dalili, sai dai in ya yanke ta zauna tana kallon bargon. Ni kuwa in zan wuce ƙofar ɗakin da rana tsaka sai na yi a'uziyya.

Ina takaba, ba fita, kuma ba zan kira wani namiji ya shigo mini ɗaki ba. Sai na buga wa ƙanwata da ke aure a Babura, wadda ke aiki a shagon buga takardu.

"Yaya, me kika ce kin yi mata?"

"Na lulluɓe ta."

"Da me?"

"Da bargon Malam."

Sai dariya ta ƙwace mata. "Saura ki dama mata kunun tsamiya, Yaya!" Da ta ji ban yi dariya ba ta ce, "Yi haƙuri. Amma wallahi shaƙe ta kike yi. Zafi ne ya yi mata yawa, shi ya sa take kashe kanta don kada ta ƙone. In kika ci gaba, wata rana ba za ta tashi ba, sai dai mu yi addu'a abin da ke ciki ya tsira."

"To me ya sa a aya ɗaya take tsayawa?"

"Don daga farko kike kunnawa kullum. Kafin ya kai wurin, ta gama ɗaukar zafi. Cire wayar wuta daga bango, ki nemo sukundireba."

Na same ta a gwangwanin madarar da Malam yake tara ƙusoshi. Na yi bisimilla na kwance murfin gefe, wayar tana maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa. Abin da na fara gani wayoyi ne a ɗaure tsaf da baƙin zare. Zaren ɗinkina ne, wanda na yi ta nema bara har na zargi 'yarmu. Ga 'yar takarda manne a jikin wata waya da rubutunsa: kada a ja. Na janye hannuna kamar ya yi mini magana.

"Kina ganin babbar fanka a tsakiya?" in ji ƙanwata. "Juya ta da yatsa."

Ta ƙi juyawa sosai. Na haska da tocila. Zanzaro ne ya yi gini a gefenta, ɗakuna uku na jar ƙasa a jere, kowanne a toshe. Ta wata kafa da Malam bai rufe a baya ba ya shiga, a kwanakin da ɗakin ke kulle muna karɓar gaisuwa. Fiffiken fankar ne ke dukan ginin, in ya ƙwace ya yi gudu da huci, ya sake maƙalewa.

Na sa bakin cokali na ɓamɓare. Wasu korayen tsutsotsi suka zubo mini a hannu, waɗanda zanzaron ya binne wa 'ya'yansa su ci. Na ɗauka matattu ne. Ɗaya ta motsa a hankali. Na kasa murƙushe su. Na zuba su a faifai na kai gindin zogale.

Sauran aikin da gashin kaza na yi shi, ina share ƙurar da ta daskare a tsakanin ƙarafan da ke ƙarƙashin fankar, ƙanwata tana ta faɗa: riƙe fiffiken, kar ki sa ruwa, kar ki hura da baki ki tofa mata yawu. Kafar bayan na rufe ta da yankin tsohon gidan sauro. Na janye akwatin daga bango kamar taƙi biyu, na naɗe bargon na sa a adaka.

Bayan la'asar na kira yarinyar, na kunna. Shiru, sai iska mai ɗumi kaɗan da ke fita ta baya. Malam ya yi Fatiha. Ya bi surorin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune hannuna a kan akwatin. Da ya iso ayar nan na runtse ido. Ya wuce ta. Ya wuce sura biyu da ba mu taɓa jin ya karanta ba, muryar tana ƙara dushewa, ya tsaya ya yi tari, ya ci gaba har ya kai ƙarshe.

Sannan ya ce, "To, 'yar Baba, yanzu ke kaɗai. Biya mini daga farko."

Bai ƙara cewa komai ba, amma ɗaukar ba ta ƙare ba. Ana jin kujera ta ɗan motsa, ana jin wata kaza tana kuka a tsakar gidanmu na wancan watan. Na kasa jurewa, na miƙa hannu zan kashe. Yarinyar ta riƙe mini gefen hijabi, ta gyara zama a tabarma.

"Umma, kar ki kashe. Ni yake jira."