Karkatacciyar Katangar Gidanmu

Jiya jikana ya ce a miƙe katangar gidanmu na Fagge, sai kakata ta faɗo min a rai.

Kafin Turawa su tafi, Baba ya tashi mayar da ginin ƙasa zuwa na bulo. Muka kwashe komai, har randuna. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinta, tana ɓantarar goro, igiyar awon birkilan Sabon Gari tana gogar kallabinta.

"Inna, ki tashi mana," in ji Baba.

"A nan na binne cibiyarka, da ta 'yan'uwanka huɗu da ba su rayu ba. Fara haƙe ni tukuna."

Katangar ce ta kauce mata. Ba mai taɓa katangar nan ina numfashi. Allah Ya yalwata mata kabarinta.