Mai Buta a Bakin Tasha

A bakin tashar mota yake tsaye, dogo mai furfura a gemu, gaban rigarsa jiƙe sharkaf, hannunsa riƙe da butar da ya manta bai ajiye ba. Daga ganin gugar wandonsa, mutum ne da ya saba a saurare shi a gida, wataƙila har a ofis.

Ɗazu ɗansa ya yanke jiki ya faɗi, babu numfashi. Ya yi ta sheƙa masa ruwa, kamar yadda ake yi wa wanda ya suma. Da wata mata ta durƙusa tana danna ƙirjin yaron, sai ya fizge hannunta.

"Baiwar Allah, kashe min shi za ki yi?"

"Baba, zuciyarsa ce ta tsaya, ruwa ba zai tashe ta ba. Ka zage ni daga baya!" Ta ƙwace, ta ci gaba.

Yanzu motar asibiti ta tafi da yaron da uwarsa, yana numfashi. Ma'aikacin motar ya ce dannawar nan ce ta riƙe shi.

Matar na zaune a benci tana murza wuyan hannunta, inda shatin yatsun uban ya fito. Ya matso kusa da ita. Sai ya hango takalminta da ya fice a turmutsutsun. Ya ɗauko, ya goge shi da hannun rigarsa, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Baba, bi ɗanka mana," in ji ta.

Bai iya ɗago kai ba sai da ta saka takalmin.