Salatif Ɗin da Kawu Ya Yi Wata Goma Yana Nema

Ranar Talata, tara ga watan da ya gabata, da misalin ƙarfe goma na safe, ina sito ina duba kayan da aka sauke, matata ta kira ni tana kuka ta ce kawunta ya cika. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma muke komawa. Na yi salati, na zauna a kan wani kwali. Tunda don faɗin gaskiya na ɗauki alƙalami, Kawu, bari in faɗe ta duka: abin da ya fara zo mini bayan salati shi ne kyamarar mahaifina. Na ce a raina shi ke nan, maganarta ta bi ka.

Shekara talatin da biyar ka yi kana koyar da lissafi. Da ka yi ritaya sai ka shige ɗan ɗakin nan na bayan gida, ka dukufa gyaran tsofaffin kyamarori masu fim, don sha'awa kawai. Kowa ya san labarin matar da ta kawo maka ta marigayi mijinta, ka tarar da fim a ciki, ka kai aka wanke, ka aika mata da hotuna a ambulan. Ni ma na ga alherinka. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, mako uku kana kai mana yara makaranta a tsohuwar motarka, wadda sai an lallashe ta take tashi.

Duk da haka na zarge ka. Shekara ashirin a sito sun mayar da ni mutumin da ba ya yarda da rufaffen kwali sai ya farke ya gani da idonsa. Da wannan halin na shigo ɗakinka, riƙe da kyamarar da ita kaɗai ta rage mini daga mahaifina. Baƙar fatar da ke jikinta ta ɗaɗɗago, ta nannaɗe a gefe. Ka juya ta, ka sansana, ka dube ni ta saman tabarau.

"Wani ya taɓa ta ne?"

"Haka na same ta, Kawu."

Ka ce to. Ka ce ba gam take so ba, salatif take so, irin mai manne ta fuska biyu, siriri kamar fatar albasa. Na ce ai wannan aikin mako biyu ne.

Mako biyu ya zama wata biyu, ya zama biyar. Kullum na zo da sabon bayani. Wannan ya yi kauri, fatar za ta haye bakin ƙarfe, farce ya riƙa kama ta. Wancan yana narkewa in ya ji zafi. Na wajen masu takalmi kuma kamunsa ya yi yawa, wanda zai gyara ta bayanmu zai tsine mana. Sai ka nuna mini murafen gwangwani jere a taga, kowane da guntun fata manne, wai kana gwada su a rana. Kana bayani ni kuwa idona na kan kanta, ina laluben tawa a cikin na mutane, ban gan ta ba. Na ce ko zan ɗan gan ta? Ka ce a buɗe take, in an gama zan gani. Wannan amsar na sha jin irinta a bakin direbobin da kaya suka yi ƙafa a hannunsu.

Har tarko na ɗana maka. Na sayi salatif a kantin kayan rubutu na kawo, in ga ta inda za ka zille. Ka murza shi tsakanin yatsu, ka yi mini godiya sosai, ka ce zai yi kyau wajen liƙa kalanda.

A wata na bakwai na ga irinta sak a teburin wani ɗan gwanjo. Na tambaye shi wa ya kawo, ya ce wani dattijo ne mai tabarau. Ko ɗaukarta ban yi na duba ba, kamar kai kaɗai ne dattijo mai tabarau a duniya. Na koma gida na ce wa matata kawunta ya sayar da gadona. Ta yi kwana biyu ba ta haɗa ido da ni. Na faɗa wa yayanta, na faɗa wa abokan aikina, maganar ta yi ta yawo har ta iso kunnen babbar 'yarka. Na tabbata ta kai gare ka. Amma da muka haɗu ka riƙe hannuna kamar kullum, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na ce a raina kunya ce ta sa kake haba-haba da ni.

Mako guda bayan rasuwarka 'yarka ta aiko in zo. Ta kai ni ɗakin, ba ta ce in zauna ba. Ta jawo durowar ƙasa, ta fito da abu naɗe a farin ƙyalle, da wani kwali mai faɗi. A jikin kwalin akwai guntayen salatif goma sha bakwai, kowane da kwanan wata, da inda ka samo shi, da aibinsa, cikin rubutun nan naka na allo. Na ƙarshe daga wajen mai gyaran gilashin waya ka samo shi. A gabansa ka rubuta: "Ya yi." Kwana huɗu ke nan kafin a kai ka asibiti.

Na warware ƙyallen. Fatar baya da ta hagu sun kwanta luf, farce ba ya jin inda suka ƙare. Ta dama ce kawai ta rage. Kuma, Kawu, ko a nan halina bai bar ni ba. Na kifa ta ina neman alamar da mahaifina ya karta a gindinta da ƙusa. Tana nan.

"Taku ce, Yaya?" in ji 'yarka. "To ku juya kwalin."

A baya ka rubuta: "An zuba mata sufa gulu. A kankare kullum kaɗan don kada ƙarfe ya ƙarzu, zai ci wata shida. Kada a nuna masa an gane. Cikin jimamin mahaifinsa ya yi."

Ni na zuba mata wannan gam ɗin don in manne fatar, a makon da mahaifina ya rasu. Na yi maka ƙarya tun ranar farko, ka gane tun daga sansanawa, ka yi wata shida kana kankare ɓarnata da bakin reza, ni ina waje ina ɓata maka suna.

Na je wajen waɗanda na faɗa wa da bakina, na warware. Wannan rubutu na waɗanda ban san maganar ta kai gare su ba ne. Duk wanda ya ji cewa Kawu ya ci amanar kyamara, daga gare ni ta fito, kuma ƙarya ce. Ragowar salatif ɗin tana wurina tare da fatar dama. Ban taɓa su ba, na san abin da hannuna ya yi wancan karon.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Gwaggo, da 'ya'yanka, da jikoki, da ɗalibanka, da matata wadda na ƙona wa rai a kan mutumin da ta fi ni sani. Ina roƙonku gafara, tunda shi na makara. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya rufa maka asiri ranar da ake tone-tone, kamar yadda ka rufa mini nawa har ka koma gare Shi. Amin.