Ba a Tada Direba

Yayana direban babbar mota ne, ni kuma ina sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin tashar Filinge. Duk ranar da ya sauke kaya wurina yake cin abinci, kuma bai taɓa ci bai yi ƙorafin yaji ba. Motar ta wani Alhaji ce mai shagunan hatsi. Tsohuwa ce, ta gama aikinta a ƙasar Turawa kafin a kawo ta, amma ta zo da na'urar sanyaya wuri mai aiki, wadda direbobi ke kira kilim. Tun kafin ta ɗauki kayan farko Alhaji ya sa makaniki ya cire ta, wai tana shan man gazuwal. Shi kuwa bai taɓa zama gaban motar nan ba.

Sau ɗaya na bi Yaya zuwa Abala da bazara, ban ƙara ba. Injin yana ƙarƙashin kujera. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, in ka sauke gilashi iskar da ke shigowa kamar ta bakin murhu. Yakan jiƙa rawaninsa ya naɗa, kafin mu wuce gari biyu ya bushe ƙayau.

"Yaya, ka ce mishi ya maida abin ga mana."

"In ce mishi mi? Zahi ya ishe ni? Kin san direbobi nawa ka jiran makullin ga?"

A hanyarmu akwai wani ladabi da kowa ya sani. Direban da ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motarsa ba a tada shi. Ko mai kaya yana sauri sai ya jira, don barcin nan ne kaɗai hutunsa, kuma in ka tashe shi ya je ya yi hatsari, alhakin yana wuyanka.

Wata ran kasuwar Bonkuku Yaya ya isa garin da gero da tsakar rana. Masu sauke kaya ne suka ba mu labari daga baya. Sun ce ya sauko yana tangaɗi, babu ɗigon zufa a jikinsa, yana magana ba kai ba gindi. Suka yi dariya, suka ce barci ya ci ƙarfinsa. Ya rarrafa ƙarƙashin mota. Aka kira azahar suka ce a bar shi. Suna jin minsharinsa, har wani ya kori yara don kada su dame shi. Sai bayan la'asar suka jawo shi, jikinsa zau, idonsa a kafe. Bai kai likitar Filinge da rai ba.

Na so in tsani mutanen nan, na kasa. Girmama shi suka yi. Alhaji na tsana, har gobe kuma ban fasa ba. Ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, yana faɗa wa maza kwana ne ya ƙare. Ina bayan zana ina ji. Na miƙe, Inna ta damƙe hannuna.

"Zamna. Ƙanenki na nan ba aiki, ga mata ga ɗiya."

Bayan sadakar bakwai aka ba ƙanen namu makullin. Motar dai ita ce, ba a ƙara mata komai ba.

Abin da na iya shi na yi. Na bi masu sauke kaya na Filinge ɗaya bayan ɗaya, na aika wa na Bonkuku da na Abala, na ce in sun ga ƙanena kwance su girgiza shi har ya amsa, ko zai zage su. Sun ji kunyata, suka yi.

Ran nan ya zo wurina, idonsa jajawur, na miƙa masa kwanon dambu.

"Ke kinka sa su? Ko'ina na kwanta sai an tashe ni. Jiya na hwarka na iske motar ta bar hanya."

Ya gama ci, ya jiƙa rawaninsa, ya hau. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana, ban san ko in roƙi mutane su tashe shi ko su bar shi ba.